Baturen da Ya Saki Ruwa

Lomar tuwo tana hannun Malam Gwadabe, miyar kuka tana ɗiga daga gefenta zuwa kan tabarma, amma bakin da ya kamata ta shiga ya shagala da tsine wa wani Bature da bai ma san da zamansa a duniya ba. Mairo, matarsa, ta tsaya da buta a hannu tana kallon ɗigon miyar. Da safen nan ta wanke tabarmar.

"Malam, tuwon yana hucewa," ta ce.

Bai ko ɗago ba. Ya tura sabon tabarau bisa karan hanci da bayan hannu, ya ci gaba da nuna mata yadda Baturen ya tsaya gaban wani jan makunni, gumi na tsatstsafo masa, ya rufe ido, ya danna. Daga nan ƙofar madatsar ruwa ta buɗe. Ruwan da ke shirin cin birni ya juya ya nufi wani ƙauye a cikin kwari, ya wanke shi kamar allo. A ƙarshe kuma aka tara jama'a aka rataya wa mutumin lambar yabo, matarsa ta rungume shi a gaban kowa, aka buga badujala. Mairo ta san inda Malam zai tsaya ya ja tsaki, ta san inda zai bugi cinya. Ta ji labarin nan har tana iya yi masa amshi.

Ciwon ido ne ya jawo komai. A ƙarshen bazara idon Malam ya fara yi masa hazo, ɗansu Abdulganiyyu da ke aiki a Kano ya ce a zo a duba. Wanda zai raka shi kuwa ba sai an tambaya ba, Malam Yunusa ne, amininsa tun suna yara masu iyo a gulbi, mutumin da suka tsufa suna cin abinci kwano ɗaya. Bayan likita ya ba da tabarau, Abdulganiyyu, wanda Allah ya yi shi da son burge mutane, ya ce ai babu inda ya dace a gwada sabon ido kamar silima, ga wani fim ya fito duk Kano maganarsa ake yi. Dattawan suka yi 'yar turjiya ta kunya. Sai kuma suka tuna ƙuruciya, lokacin da suke satar jiki su hau keke ɗaya zuwa kallon Indiya a silimar da rufinta sararin samaniya ne, suka yarda. Bayan azahar aka shiga. Da aka fito, tun a bakin ƙofa Malam Yunusa ya ce ya daɗe bai ga namiji irin Baturen nan ba. Malam Gwadabe ya ce shi kuwa ya daɗe bai ga azzalumi irinsa ba. A motar dawowa ɗaya a gaba ya zauna, ɗaya a can baya.

Da farko abin dariya ya zama. Garinsu ƙarami ne, a bakin fadama tsakanin Haɗeja da Guri, kuma a majalisar da ke gindin darbejiyar ƙofar masallaci babu wanda ya taɓa shiga silimar Kano sai su biyun. Kowa ya buɗe kunne. Malam Yunusa ya ce a dubi birnin: asibitoci cike da marasa lafiya, yara a makaranta, motoci sun cushe a kan gada babu hanyar gudu. Mutum ɗaya ne ya iya tsayawa ya yanke hukunci alhali manyansa sun ɓuya a bayan waya, kuma wanda bai taɓa riƙe ragamar jama'a ba bai san nauyin wannan yatsan ba. Malam Gwadabe ya ce shi dai abin da ya gani da tabarau ɗin da likita ya tabbatar masa yana nuna komai tangaran, bos ne aka sa wa rigar jarumi. Mutum ya shafe ƙauye guda, ya koma gida ya yi wanka, ya sa kwat, ya miƙa wuya aka rataya masa ƙarfe. Ko a mota bai bi ta wurin ba ya ga abin da ya rage.

Kafin a ankara majalisa ta rabu biyu, mutanen da ba su ga fim ɗin ba suna rantsuwa a kan abin da ke cikinsa. Mai shayi ya daina sa baki don kada ya rasa rabin masu sayensa. A wurin wani suna sai da liman ya ɗaga hannu ya roƙi arziki kafin aka samu aka yi addu'a. Daga nan Malam ya ƙaurace wa majalisar, ya dawo da shari'ar gida, inda alƙali da 'yan kallo duk Mairo ce.

Ta gwada kowace dabara da shekarun aure suka koya mata. Ta yi shiru, ya ɗauka sauraro take. Ta ce ta yarda Baturen mugu ne, ya ce ba ta faɗa da zuciya ɗaya ba. Ta ce to ai wasa ne, ana gama ɗauka kowa zai karkaɗe rigarsa ya tafi gida, har mutanen ƙauyen. Nan ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke kin gani?"

"Ban gani ba."

"To wanda bai gani ba ba shi da ta cewa."

Da abin ya tsaya a kan tabarma da kunnuwanta, da ta haƙura. Amma akwai Adila, 'yarsu, malamar firamare a Haɗeja, wadda Musaddiq ɗan Malam Yunusa ke nema. Yaran su suka ga juna suka ce suna so, iyaye suka yi murna kamar an yi musu albishir da Makka. An yi tambaya, an kawo gaisuwa, abin da ya rage sa rana. Ranar da dangin ango za su zo, Malam ya aika a ce idonsa ya tashi. Aka ɗaga. Da sabuwar ranar ta matso, ya shirya da sassafe ya tafi Kirikasamma ta'aziyyar wani mutum da Mairo ba ta taɓa jin sunansa a bakinsa ba. Da ya dawo ta tare shi da maganar, ya zauna yana cire takalmi a hankali, ya ce gidan da ake tafa wa mai sakin ruwa, sai ya sake tunani kafin ya kai 'yarsa.

Adila ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar da zancen. Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ta zauna a bakin murhu tana karya kara ƙanana-ƙanana tana jefawa a wuta, ta ce Musaddiq ya kira ta ya ce nasa uban ma ya hau dokin zuciya, wai ba zai sake tura mutane a mayar masa da su kamar masu bara ba.

"Inna, yanzu duk wannan a kan fim?"

Mairo ta ce ta tashi ta duba ruwan zafi.

Mairo ba yarinya ba ce. Ta san abin da ke ƙarƙashin maganar, kamar yadda duk garin ya sani ya yi gum. Bara waccan ruwa ya zo da ƙarfin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ciyawar kacala ta toshe masa hanyoyinsa, ya taru ya kumbura har ya fara lasar kan jingar da ke kare gidaje. Dagaci yana Haɗeja neman buhuna. Malam Yunusa, da yake shi ne shugaban 'yan gayyar jinga, ya sa samari suka sare ta ta gabas don ruwan ya zube cikin fadama. Gonar farko a bakin wurin ta Malam Gwadabe ce, shinkafa ta nuna, saura kaɗan a sa lauje. Gari ya tsira. Masu jaje suka cika zaure, Malam ya ce ƙaddara ce, ya ce ai shi ma gidansa a cikin garin yake. Kowa ya yaba haƙurinsa, kamar yadda kowa ya yaba ƙarfin halin Malam Yunusa. Aminan suka ci gaba da zama kwano ɗaya. Sun yi hirar taki, sun yi ta siyasa, sun yi ta auren 'ya'yansu, amma maganar jingar gabas ba ta taɓa ratsa tsakaninsu ba.

Abin da ya fi ƙona wa Mairo rai ke nan. Ita ce ta auna hatsi da ƙaramin kwano a shekarar nan har damina ta zagayo, ita ce ta iya murmushi ga masu jaje. Ba ta nemi Bature ta rataya masa laifi ba. Yanzu ga maza biyu masu furfura sun samo wani mai jan kunne a bangon Kano suna jifan juna da shi, kuma rayuwar 'yarta ce a tsakiya.

Ta yafa mayafi ta nufi gidan Malam Yunusa. Ta samu Talatu, matarsa, tana tankaɗe, da irin fuskar da ita ma take gani a madubi kwanan nan. Ba su yi doguwar gaisuwa ba. Talatu ta ce nata malamin har kwaikwayo yake yi, ya kife murfin buta a ƙasa ya tsaya a kansa da yatsa yana rawa, ya ce ta duba ta ga abin da ake kira shugabanci. In ta ce uffan, ya ce wanda bai gani ba ya yi shiru. Matan suka dubi juna. Mairo ce ta fara cewa akwai kwanukan da take son dubawa a Kano, Talatu ta ce ita ma atamfofin lefe ba su cika ba. Babu mijin da ya hana, don babu wanda ya yarda a ce daga bakinsa aka fara jin an fasa auren.

Abdulganiyyu ya tare su a tasha. Da uwarsa ta gaya masa inda zai kai su kafin kasuwa, ya fara sosa ƙeya yana cewa wurin akwai sanyi, akwai ƙara, kuma Turanci ake yi. Ta ce shi ya jawo musu, shi zai kai su.

A silimar, matakalar da ke tafiya da kanta ce ta fara ɓata mata rai, don sai da ta riƙe hannun Talatu kamar masu tsallaka rafi. A ciki aka miƙo mata gugguru a kwali, ta ɗanɗana ta ji gishiri da mai sun yi masa yawa, ta ajiye a cinya. Sanyin ɗakin ya shiga ƙashinta tun kafin a kashe fitila. Da aka fara kuwa, ƙarar ba ta kunne ta shiga ba, ta ƙirji ta shiga, kujerar kanta tana rawa. Abdulganiyyu ya sunkuyo yana fassara musu ƙasa-ƙasa har wani saurayi a baya ya yi gyaran murya, daga nan ya koma sai abin da ya zama dole.

Ta zuba ido tana jiran abin da ya raba aminai. Aka daɗe ana nuna maza a wani ɗaki suna yi wa juna tsawa a gaban talabijin masu yawa. Aka nuna matar Baturen tana gudu da takalmi mai tsini, ruwan sama na dukanta, amma gashinta ko gezau. Aka nuna wani kare ya maƙale a kan mota, jirgi mai saukar ungulu ya sauko musamman dominsa, ɗakin duka ya ɗauki tafi. Mairo ta juya ta dubi masu tafin. Tun da aka fara babu wanda ya ci abinci a cikin mutanen nan, babu wanda ya tambayi ina tsohuwarsa take. Ruwan ma da ake ta tsoro shuɗi ne garau, kamar wanda za a sha. Wanda ta sani ja ne, yana tafe da kara da mushen kaji da macizai, kuma warinsa yana riga shi isowa.

Sai aka zo wurin jan makunnin. Baturen ya tsaya, kiɗa ya yi ƙasa, yatsansa yana rawa. Mairo ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Talatu ce, idonta a kan bangon, leɓenta yana motsi. Ba ta sake ta ba har ƙofar ta buɗe.

Ƙauyen kuwa, wanda Malam ya kwashe makonni yana yi wa makoki, daga sama aka nuno shi, kuma bai daɗe a bangon ba kamar yadda mutum zai kurɓi ruwa ya ajiye moɗa. Rufin gidaje, wata hanya, mutane ƙanana kamar tururuwa suna gudu. A can gefen hagu, ƙasa-ƙasa, Mairo ta hangi wata mata ba ta gudu. Ta duƙa a bakin turke tana kwance awaki. Ta saki wasu, igiya ta ƙarshe ta ƙi, tana ja tana waiwaye. Sai aka ɗauke hoton aka koma fuskar Baturen, hawaye ɗaya na gangaro masa a hankali, a kusa sosai har ana ganin ramukan fatarsa.

Mairo ta gyara zama tana jiran a koma wa matar. Aka nuna birni yana murna. Aka nuna karen an lulluɓe shi da bargo. Aka rataya lamba, aka yi runguma, aka buga badujalar da ta riga ta haddace, rubutu ya fara hawa, fitilu suka kama. Ta tambayi ɗanta ko akwai saura, ya ce an gama ke nan.

A waje, Abdulganiyyu ya tafi neman abin hawa, matan suka zauna a kan wani benci rana na gasa musu ƙafafun da suka sandare. Talatu ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce tun ranar da aka sare jingar nan Malam Yunusa bai sake bin hanyar gabas ba. In zai je gonarsa sai ya zagaya ta bayan maƙabarta, tafiyar da ta ninka, da ciwon gwiwarsa da komai. Ta ce a ranar jajen ya sa riga ya kai har ƙofar gidan su Mairo, ya ji muryar amininsa yana cewa ƙaddara ce, ya tsaya, ya juyo. Da ta tambaye shi, ya ce mutumin da ya riga ya yafe a gaban jama'a, me kuma zai je ya ce masa. Ta ce duk shekarar nan in ta dafa shinkafa sai ya ce cikinsa ba ya so.

Tausayi ya zo wa Mairo, haushi ya biyo shi ya danne. Zagaye ta bayan maƙabarta da ciwon gwiwa, shekara biyu, alhali tsakanin zaurukan nan biyu ko carbi ba za ka gama ja ba ka isa.

Sun sayi kwanukan, sun sayi atamfofin. Washegari suka koma.

Malam yana zaune a tsakar gida yana gyaran wata tsohuwar koma da ba a kamun kifi da ita tun tuni. Ya amsa sallama, ya tambayi hanya, ya tambayi Abdulganiyyu, ya tambayi tsadar kaya. Labari ya riga ya iso masa ta waya, ta gani a yadda yake satar kallonta. Ta bar shi ya dahu. Sai da ta yi salla, ta sha ruwa, ta miƙe ƙafa, sannan ya kasa daurewa.

"An ce kin shiga."

"Na shiga."

"To?"

Ta ce ta ga hayaniya. Ta ce an daskarar da ita, an kurmantar da ita, an sa ta kallon mutane suna tafa wa kare. Ta ce in wannan ne fim ɗin da duk duniya ke rububi, to duniya ba ta da aikin yi. Malam ya yi ta gyaɗa kai cikin ƙosawa, ya ce ba wannan yake tambaya ba, Baturen fa, jarumi ne ko bos? Ta ce ita ba ta ga ko ɗaya ba, ta ga mutum an sa shi a gaban makunni an ce ya yi kuka. Ta tambaye shi ko ya lura da matar da ke kwance awaki. Ya ce wace mata? Ta ce a gefen hagu, lokacin da aka nuno ƙauyen. Ya yi lalube a cikin kansa, sannan ya ce wannan ba shi ne zancen ba, zancen shi ne mutumin bai koma ba, ko sau ɗaya bai je ya tsaya a bakin wurin ya ce wa masu shi sannu ba.

"Malam," ta ce, "yanzu na gani, ina da ta cewa ko?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ba da Bature kake ba. Da Malam Yunusa kake. Gidansa ga shi can, ba sai an shiga mota ba."

Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, idanunsa suka fito ƙanana, jajaye, irin na mutumin da aka tasa daga barci. Ta so ta ƙara masa da zancen bayan maƙabarta, ta ga wannan ba nata ba ne, ta haɗiye. Ya naɗe komar, ya sa takalmi, ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Babu Bature, babu jan makunni, babu tsaki. Yana cin tuwonsa da zafinsa ya wanke hannu ya tashi. Shirun da ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta ya zo, sai ga shi ya fi surutun nauyi. Adila ta kira tana tambaya, Mairo ta ce a dai ci gaba da addu'a. A ranta tana cewa wataƙila ta ɓata abin da da ma saura ƙiris ya tsinke. Daga gidan Talatu ma babu labari, sai dai wata maƙwabciya ta ce ta ji an ɗaga murya a can ranar da suka dawo.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka wata asuba. Da hantsi, ƙasa na ƙamshi, aka yi sallama a ƙofar gida. Mairo ta san muryar. Ta leƙa ta zana ta ga Malam Yunusa a tsaye da fartanya a kafaɗa da ɗaurin buhunan da babu komai a ciki, wandonsa a naɗe. Malam ya fita. Ba su yi musabaha ba. Malam Yunusa ya ce, yana kallon ƙasa, bana gayya ta gabas za ta fara, kuma yana son mai gonar ya zo ya nuna masa inda ruwan ya fi ci, don shi bai san yadda wurin ya koma ba. Malam ya daɗe a tsaye. Sannan ya leƙo ya ce a miƙo masa tasa fartanyar.

Ta bi su da kallo har suka sha kwana. Hanyar gabas suka bi, ɗaya na ɗingishi, ɗaya na rage sauri ba tare da ya nuna yana ragewa ba.

Sai bayan azahar suka dawo, laka har gwiwa. Suka zauna a zaure. Mairo ta dama fura a kwano ɗaya, ta sa ludayi biyu, ta kai bakin ƙofa ta ajiye. Ba ta yi niyyar tsayawa ba, amma zanin da ta shanya a igiyar jikin bangon zauren ya buƙaci a juya shi, kuma ya ɗauki lokaci.

"Na san gonarka ce," in ji Malam Yunusa. "Ina sane na sa aka sara."

"Ni ma da ni ne, nan zan sara," in ji Malam. "Zuwa ne ba ka yi ba."

Daga nan sai ƙarar ludayi a jikin kwano. Mairo ta jira ko za a ƙara wani abu, ba a ƙara ba. Shekara biyu, da tafiya Kano, da makonnin da aka hana ta sakat, duk a kan maganar da ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Ta fizge zanin daga igiya da ƙarfin da ya sa ƙyauren ya motsa, ta koma ciki.

Aka sa rana Juma'ar da ta biyo. Tun da safe gidan ya cika da aiki, Adila ta zo daga Haɗeja tana shiga tana fita, tana dariyar abin da bai kai a yi wa dariya ba. Mairo ta zauna a inuwar rumbu da faifai a cinya tana tsince shinkafar baƙi. Aminan suna zaure tun hantsi suna jiran sauran dattawa, muryoyinsu na shigowa tsakar gida. Ta ji sun taɓa taki, sun taɓa buhunan jinga. Sai ta ji Malam Yunusa yana cewa wai ita ma Talatu ta dage akwai wata mata mai awaki a fim ɗin nan. Malam ya ce shi da sabon tabarau ya shiga, babu lungun bangon da bai duba ba, babu wata mata. Malam Yunusa ya ce shi ma haka, ai da akwai da sun gani. Suka yarda cewa mata ba su iya kallo ba, sai su bar babban abu su kama ƙarami. Tun dawowarsu daga Kano, wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya a kan fim ɗin, kuma daɗin hakan har a muryarsu ake ji.

Malam ya ɗaga murya daga zauren, dariya na cinsa.

"Mairo, wai awakin nan guda nawa ne?"

Ta tsinci wata 'yar tsakuwa a cikin shinkafar, ta jefar gefe.

"Ban ƙirga ba," ta ce. "Igiyar nake kallo."